Gidan Tururuwa a Gonar Baba

Na gaji da jin wannan magana a bakinku, shi ya sa na ce bari in rubuta ta in huta. Duk sallar da kuka taru a gidan nan, da zarar an ambaci Argungu sai wani a cikinku ya taɓe baki ya ce Baffa Sani ya cinye gonar kakanku. Ke Hadiza har cewa kika yi ba za ki je bikin 'yarsa ba, kuma ba ki je ɗin ba. Ni kuwa ina zaune ina jin ku, na yi shiru, kuna ɗauka shirun nan haƙuri ne irin na manya. Ba haƙuri ba ne, kunya ce. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina barin ƙanena yana shan zagin da ba nasa ba. Yanzu ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, ban san ko zan ga wata damina ba. Ku karanta har ƙarshe, kuma kada wanda ya zo ya dafa ni ya ce, ai ya wuce, Baba. Na fi ku sanin ya wuce.

Gonar tana kan hanyar Augie, rabinta tudu ne inda muke gero, rabinta ya gangara fadama inda muke shinkafa. Daidai inda tudun ya fara saukowa akwai gidan tururuwa, fili ne tas kamar faɗin tabarma biyu, ko tsinken ciyawa ba ya fitowa a kai, hanyoyinsu sun ratsa cikin geron ta ko'ina. Tun ina tasowa na ga Baba, wato kakanku, ba ya sa damin farko a rumbu sai an sussuka an auna masa tiya guda, ya ɗauka da kansa ya je ya zagaye ramin da ita. Dalilin kuwa, wata shekarar yunwa lokacin yana ƙarami, babansa ya tafi neman abinci bai dawo ba, uwarsa ta ɗauki fartanya ta tona wannan gida, ta tarar da hatsin da tururuwa suka tara, ta kwashi rabi ta bar musu rabi, ta mai da ƙasa ta rufe da hannunta. Da kunun wannan hatsi suka kai ga saukar ruwa. Kafin ta rasu ta ce masa muddin gonar tana hannun zuriyarta, kada a shiga rumbu ba a sallami maƙwabtan nan ba. Baba bai taɓa kiran abin da wani suna ba illa sadaka. In mutum ya yi masa dariya sai ya ce halittar da Allah ya sa wa sura guda a Alƙur'ani ba shi zai raina ta ba.

Ni kuwa na yi boko, na zama malamin gona. Baba yana jin daɗin haka, amma ba ya faɗa sai ta hanyar tsiya. Ɗan boko yake ce mini. In na zo da babur zai ce, “Ga ɗan boko nan ya zaka shi koya muna yadda aka riƙon hauya.” Ni ma in yi dariya in durƙusa in gaishe shi.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, duk wani ma'aikaci ɗan wannan yanki ya tattaro ya nufo Birnin Kebbi. Kujeru sun buɗe, ana ta naɗe-naɗe, ana maganar gidajen da za a ba manyan ma'aikata a Gesse. Lokacin muna ɗaki ɗaya da mahaifiyarku a gidan haya, ku uku na farko kuna kwana a tabarma ƙafa kan ƙafa. Ba zan ɓoye muku ba, na so kujerar nan har ina mafarkinta. Da damina ta zagayo, mai gidana na ofis ya tara mu ya ce kowa ya yi gonar gwaji da sabon iri, kwamishina zai zagaya kafin kaka, wanda tasa ta fi kyau shi za a ɗaga. Ban yi shawara da kowa ba na ce a rubuta gonar Baba. Da na je na faɗa masa, sai ya ce in dai abin zai taimake ni, in yi.

A nan ne Mista Fargal ya shigo cikin labarin. Wani dattijon Bature ne da aka ɗauko ya ba mu shawara a kan irin shinkafa, dogo, ramamme, kullum kamar bai yi barci ba. Mutanen Argungu Baturen Shinkafa suke ce masa. Ni nake yi masa tafinta, duk Alhamis mu tashi daga Birnin Kebbi da safe mu duba gonaki. Ranar da muka fara zuwa ta Baba, ina gaba ina ta zuba bayani a kan taki da tazarar shuka, na waiga ban ga mutumin ba. Ashe yana can tsugune a bakin gidan tururuwa, ya cire hula, Baba yana tsaye a kansa da hauya a kafaɗa.

Baba ya ce, “Ɗan boko, tambaye shi, mi suka ce mata garinsu?”

Na faɗa masa sunan da Turanci, don na sani tun aji ɗaya.

“Ba kai nit tambaya ba. Shi za ka tambaya.”

Na juya na tambaye shi, ina jin haushin ɓata lokaci. Mutumin nan ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce in gaya wa Baba shi ba Ingilishi ba ne, mutumin Ailan ne, kuma Turanci ba shi ne harshen uwarsa ba. Uwarsa a wani ƙauye na bakin teku ta tashi, da harshensu na Ailan take yi masa magana yana yaro. Ya shiga makaranta, ya tafi birni, ya bar ƙasar, harshen ya zube masa a hanya sai 'yan kalmomin da ya tsinta a bakin murhu. Ya ce wannan dai bai manta ba. Ya faɗi kalmar a hankali, abin da kunnena ya ji shi ne shangan. Ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta, seangán, ya yago takardar ya miƙa wa Baba, mutumin da bai san boko ba. Ya ce asalin kalmar daga siranta ne, wato ɗan siriri.

Baba ya yi dariya har hauyar ta zame. “Lalle sun dube ta da kyau. Ƙugunta awa zare. To gidan nata fa?”

Mista Fargal ya ce nead seangán, suna faɗinsa kamar nyad shangan, kuma nead ɗin nan ita ce kalmar da suke kiran sheƙar tsuntsu da ita. Nan fa Baba ya ƙi. Ya ce sheƙa ta tsuntsu ce, mai kwana ɗaya ya tashi, wagga kuwa gida gare ta, da zaure da rumbu, in ya koma ya gaya wa mutanensu su gyara. Daga nan ya shiga lissafa masa da yatsa: wannan baƙar mai tara hatsi ita ce tururuwa, akwai kiyashi ƙanana masu bin maiƙo, akwai shazumamu, akwai cinnaka mai cizo ya gudu, akwai kwarkwasa mai tada gida guda in ta shigo. Gara kuwa, in ji shi, kada ma ya sa ta cikinsu, ba dangi ba ne, maƙwabtaka ce kawai. Baturen nan yana ta rubutawa. Ya ce shi kalma ɗaya tak ta rage masa a kansu, ga wani da biyar a aljihu.

Tun daga ranar Alhamis ta zama tasu. Baba zai shimfiɗa buzu a gindin gawo, ya ba shi kalma, shi ma ya lalubo ɗaya ya biya. Na tuna ƙudan zuma, beach, da yake fita kamar byak mai kakari a ƙarshe, Baba ya ce wannan sai mai mura. Na tuna gizo-gizo, damhán alla, da ya ce ma'anarsa kamar ɗan bajimin daji, Baba ya ce ashe su ma sun san Gizo da cika baki. Wani lokaci mutumin zai buɗe baki kalmar ta ƙi zuwa, ya rufe ido ya yi ta nema, Baba ya ce a bar shi, tana tahe. Ni kuwa ina tsakiya ina juya magana ina duba agogo. Wallahi a raina cewa nake tsofaffi biyu sun sami abin wasa, ni ga aiki a gabana. Wata rana a mota muna dawowa, mun wuce gada, Mista Fargal ya ce mini uwarsa ta rasu yana cikin wata gonar shinkafa a wata ƙasa, da kalmomi dubu a bakinta da bai tambaya ba. Ya ce in riƙa zama da Baba. Kuma ya ce gidan tururuwar nan in bar shi, abin da suke ɗauka bai taka kara ya karya ba, kuma su ne suke nuna inda ruwan fadama ba ya kaiwa. Na ce to, kamar yadda ake ce wa babba to. Mako na gaba ya tafi hutun wata guda ƙasarsu.

Saura mako biyu kwamishina ya zo, mai gidana na ofis ya je duba gonar. Gero ya yi kyau, shinkafa ta yi kore shar. Ya yi ta gyaɗa kai har muka iso wurin.

Ya nuna da sandarsa ya ce, “Umaru, wannan sanƙon fa? A tsakiyar gonar gwaji? Malamin gona guda, ƙwari sun yi masa gari a gonar ubansa.”

Waɗanda suka rako shi suka yi dariya. Bai ce in kashe su ba, kada ku ɗora masa. Cewa ya yi na san abin yi, ya shiga mota. Dariyar nan ce ta bi ni har gida, ta hana ni cin tuwo.

Na san abin yi kuwa, kuma ilimin da nake taƙama da shi ne ya nuna mini. In ka yi wa tururuwa feshi a waje, na sama kaɗai za ka kashe, gidan yana nan. Sai dai ka ba su abin da za su kai ciki da kansu. Ranar Juma'a na ɗebi hodar maganin ƙwari a ɗakin ajiyarmu, na hau babur na je Argungu, na jira Baba ya tafi masallaci. Na buɗe rumbunsa na ɗebi gero, na zuba a wannan tiyar tasa da yake auna musu, na yayyafa ruwa na cuɗa da hodar. Ina cikin cuɗawa Sani ya shigo ɗaukar hularsa. Lokacin saurayi ne, bai yi aure ba, shi yake noma tare da Baba. Ya dubi tiyar ya dube ni.

“Yaya, don Allah kak ka yi.”

“Kai mi kas sani? Ko firamare ba ka gama ba. Wuce ka tai masallaci.”

Haka na ce masa, ga shi na rubuta da hannuna. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya sunkuyar da kai ya fita, don ni ne babba. Na je gona ana cikin huɗuba, ba kowa, na zagaye ramin da geron nan kamar yadda na ga Baba yana yi tun ina yaro. Kafin in kai ga babur sun fito sun fara ɗauka. Ranar ko Juma'ar ban samu ba.

Sani bai faɗa ba. Baba da kansa ya gani, kwana biyu bayan haka. Ya aiko a kira ni, na same shi tsaye a wurin da hantsi. Hanyoyin nan duk sun yi baƙi da gawa, wasu da ƙwayar gero a bakinsu, ba abin da ke motsi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na fara bayani a kan kwamishina da sabon iri, ya ɗaga hannu.

“Da mi kab ba su?”

“Da gero, Baba.”

“Geron wa?”

“Na rumbu.”

Ya mai da ido kan ramin. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai magana da kansa, “Shi ya sa sunka amsa. Sun san hannun gidanmu.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba, ya saɓa hauyarsa ya gangara fadama. Da ya ɗauki ƙotar hauyar nan ya rafka mini, ni da 'ya'ya uku, da na gode masa. Na sa aka nome wurin aka dasa gero a kai don kada a ga sanƙo. Kwamishina ya zo ranar da aka sa, hadari ya taso, ya tsaya a ƙarƙashin rumfa bai fi minti goma ba, ya yaba da shinkafar da ya hango daga nesa, suka ruga mota. Ko kusa da wurin bai je ba. Aka ba ni kujerar, daga baya aka ba ni gida a Gesse, wannan da kuke zaune a falonsa kuna zagin Baffanku.

Mista Fargal ya dawo daga hutu da murna. Ya ce ya je har ƙauyen uwarsa, ya sami wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ranta, ya zauna da ita kwana uku, ya kawo wa Baba sababbin kalmomi. Ban iya gaya masa ba har muka isa. Ya tsaya inda ramin yake, ya dubi geron da aka dasa, wanda bai ma kama ba, ya dube ni. Baba ya tarbe shi, ya shimfiɗa buzu kamar kullum, na matso zan zauna a tsakiya sai ya ce, “Malam Umaru, je ka ga aikinka. Sani ya ishe mu.” Sani da ko gaisuwa bai iya ba da Turanci. Na koma mota na zauna ina hango su ukun a gindin gawo, Bature yana faɗin kalma yana nuna abu da hannu, Baba yana maimaitawa. Har yau ban san kalmomin da ya kawo ba. Bai cika shekara ba ya koma ƙasarsu, ban sake jin labarinsa ba.

Kun lura da abin da Baba ya kira ni? Malam Umaru. Daga ranar ban sake jin ɗan boko a bakinsa ba. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, muna cin abinci kwano ɗaya in na je. Amma tsiyar nan ta mutu, kuma maganar gona ba ta sake haɗa mu ba. Ya mai da ni baƙo mai daraja, ni kuwa da ya mai da ni bare ya fi mini sauƙi.

Da kaka ta yi ya kira limamin unguwa da dattawa biyu, ya sa aka kira ni da Sani. Ya ce shi da ransa da hankalinsa ya ba Sani gonar hanyar Augie kyauta, ni kuma ya ba ni filinsa na cikin gari, don kada ya tashi gaban Allah da fifita ɗa a kan ɗa. Filin nan shi na sayar daga baya kuka yi karatu, wannan ma ban taɓa gaya muku ba. Sani ya fashe da kuka ya ce ba ya so, Yaya ne babba. Sau uku yana ƙi, har Baba ya ɓata rai.

Ya ce, “Umaru na da takarda, ta ishe shi ci. Gona kuwa tana son wanda ka jin kunyatta. Sharaɗi guda na aza maka, tiyar nan kak ta yanke.”

Sani ya ce, “Baba, ai babu su.”

“Na san babu su. Alkawali da uwata niy yi, ba da su ba.”

To kun ji yadda Baffanku ya cinye gona. Ni na san abin da na yi, shi ya sa ban buɗe baki ba a gaban liman. Amma da mahaifiyarku ta tambaye ni, sai na ce mata Baba ya ba Sani gona, na tsaya nan. Ita ta cike sauran da zatonta, Allah ya jiƙanta, ba laifinta ba ne, ku kuma kuka sha a nono. Sani yana jin abin da ake faɗa a kansa. Ko sau ɗaya bai tona ni ba, ko ga matarsa.

Baba ya ƙara shekara huɗu. Kullum ina cewa zan roƙe shi gafara, kullum ina ɗagawa, yau taro, gobe rangadi. Sai da ya kwanta ciwon ajali na samu bakin faɗa. Ya ce shi ya yafe tun ranar, uba ba ya kwana da ɗansa a zuci. Na ji sanyi, na ɗauka zai ce ɗan boko ko sau ɗaya. Bai ce ba. Ya sa Sani ya ciro masa wata takarda daga cikin jakar layunsa, ya ba ni ya ce in ajiye, ni ne mai iya karantawa. Takardar nan ce ta Bature, kalma ɗaya a jikinta, ta yi laushi don naɗewa. Tana cikin Alƙur'anina, wajen surar tururuwa, in na mutu za ku gan ta.

Tururuwa ba su dawo ba. Na so in ce muku sun dawo, amma na yi alkawarin ba zan ƙara ko wasali ba. Wurin yana nan, gero ba ya yin kirki a kai, kuma duk kaka Baffanku yana zuwa ya zagaye shi da tiya guda, kurciyoyi su cinye. Bana an ce mini shi ma ƙafa ta fara gardama, da sanda yake zuwa gona. Ni kuwa ko ƙofar gidan nan sai an riƙe ni.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba shawara nake nema ba. In an yanke gero, ku shirya ku duka, har ke Hadiza, ku tafi Argungu. Ku durƙusa ku gaida Baffanku yadda ake gaida uba, ku karanta masa wannan in ya yarda ya saurara. Sannan ku roƙe shi ya nuna muku wurin. Akwai ƙullin gero a bayan ƙofar ɗakina, tiya guda, ni na auna da hannuna, na tsince shi ƙwaya ƙwaya. Ku ba shi ku ce in ji Yayansa, ku ce masa wannan karon babu komai a ciki.